Shekarar da Yaron Nan Ya Yi Tseren Mota

Ɗana na fari yana da shekara goma sha bakwai lokacin da aka ba shi motar tsere. Aro ce ta kaka guda, daga farkon ɗumi zuwa lokacin da ganye ke zuba. Tun yana ƙarami yake zuwa wani babban ɗakin wasa inda yara ke zagaye a cikin 'yan motoci masu ƙarar injin markaɗe, ni kuma na ɗauki abin shirme ne wanda ya fi yawon titi. Ashe akwai masu lura da shi. Aka yi gasar zaɓen matasa, ya shiga, ya cinye, ladan kuwa shi ne kujera a wata ƙungiya da ke fafatawa a gasar yara masu son zama direbobin tsere. In ya yi abin kirki wani ya ja shi gaba, in bai yi ba ya dawo ya rungumi littafinsa.

Maigidana direban tasi ne a nan Amurka, a filin jirgin JFK yake bin layi yana jiran fasinja. Da aka nuna masa hoton motar ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce duk tsawon tuƙinsa bai taɓa ganin motar da ba ta da wurin fasinja ba, kuma bai taɓa jin direban da zai wuni yana gudu ya dawo daidai inda ya tashi ba. Amma daga baya na ji labarin yana bin 'yan Nijar da suke layi tare yana nuna musu hoton, yana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Asabar da Lahadi su ne ranakun kasuwarsa, dokar gasar kuma ta ce yaron da bai kai sha takwas ba sai da babba nasa a filin. Haka tafiyar ta faɗo a kaina.

Ni kuwa ban taɓa kiran sunan yaron nan ba. Ɗan fari ne, ga shi sunan surukina aka sa masa, kunya ta zama biyu. In ina son sa sai in ce "kai", in ina zancensa in ce "yaron nan". A makaranta da asibiti ubansa ke shiga gaba, in ta kama dole sai ni, in miƙa katinsa su karanta da kansu. Ƙanwarsa kam har ta gaji da ni, in rungume ta a tsakiyar titin unguwarmu Parkchester, in kira ta da suna iri uku a numfashi ɗaya. Shi nasa rabon yana ƙasan kwano, inda nake binne masa tsoka mafi kyau a ƙarƙashin shinkafa. Haka aka yi mini, domin ni ma 'yar fari ce, kuma ban mutu ba.

Wadda take ɗaukar mu zuwa filayen tseren wata Baturiya ce, uwar yaron da suke ƙungiya ɗaya. Mu hau jirgin ƙasa mai lamba shida da sassafe, ta tare mu a Manhattan da ƙatuwar motarta, mu nausa New Jersey ko gaba da nan. Mace ce mai kirki, sai dai bakinta ba ya hutawa. Rigar da ke jikinta hoton ɗanta ne a gaba, sunansa a baya, kuma kafin mu fita daga gari ta kira sunan nan ya fi a ƙirga, alhali yaron yana zaune kusa da ita. Shi ma ɗanta na fari ne. Ni nake jin kunyar a madadinta, in juya ina kallon taga.

Ran da na fara ganin motar ido da ido na tsaya ina ƙare mata kallo. Tsayinta bai wuce gwiwar mutum ba, doguwa siririya kamar kwalekwale, tayoyinta huɗu a waje tsirara, ba rufi ba ƙofa. Sai an cire sitiyari mutum ke iya shiga. Yaron nan ya zura ƙafafunsa ya kishingiɗa a ciki, maza biyu suka danna shi suna ɗaure shi da maɗauri har sai da ya daina iya motsa kafaɗa, ba abin da ya rage a waje sai hular kwano. Ƙuncin wurin ya tuna mini wani wuri, na yi maza na nemi tsari, ban gaya wa kowa ba.

Kafin a tashi, iyaye mata suke zuwa. Wannan ta sumbaci hular ɗanta, waccan ta durƙusa ta riƙe hannun nata. Ni ina can bayan tarin tayoyi da carbina, na karanta Ayatul Kursiyyu da duk abin da na haddace, na tofa daga nesa, na bar wa iska ta kai. Na ga ya waiga yana nema kafin ya sauke gilashin hularsa. Da idonsa ya zo kaina sai na sunkuya ina duba takalmina.

A tseren farko-farko can baya yake ƙarewa. Sauran yaran sun daɗe a harkar, wasu iyayensu ma tsofaffin 'yan tsere ne, shi kuwa sai ya tambayi abin da kowa ya sani. Ya kashe mota a wurin tashi sau ɗaya, duk suka wuce shi yana zaune, na ji kamar ni aka bari a tsakiyar kasuwa. Amma yaron nan akwai naci. Ya kafa sitiyarin roba a falona yana bin hanyoyin tseren a kwamfuta har ya haddace kowace kwana, ya rataya nauyi a kansa yana motsa wuya, wai kwana tana fizgar kai. Ina yi masa tsiya ta bakin ƙanwarsa, in ce ta gaya wa direban falo abinci ya huce. A hankali ya fara baro baya, ya shigo tsakiya, masu ƙungiyar suka fara tsayawa su saurare shi in yana bayanin yadda motar take yi masa.

Ranar da abin ya faru tsakiyar zafi ce, aka wayi gari da ruwa. An canza musu tayoyi zuwa masu zane, kowace mota tana jan feshin ruwa a bayanta, ba ka ganin komai sai jar fitila. Yara suka dinga sulalewa suna fita ciyawa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ya bi a hankali inda ya kamata, ya taka inda ya kamata, aka ɗaga tutar ƙarshe yana na uku. Baturiyar nan ta rungume ni tana tsalle, duk da nata ɗan yana cikin waɗanda suka sha ciyawa. Aka hau da shi kan dandamali, aka ba shi ɗan kofi, aka ba su lemo mai kumfa suna fesa wa juna. Daɗin da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba, na ja mayafi na rufe baki don kada a ga haƙorana.

Ina cikin haka sai ga wani saurayi da makirufo, wani na bin sa da kyamara. Su ne masu watsa gasar a intanet. Baturiyar ta turo ni gaba, saurayin ya kafa mini makirufo a baki ya tambaye ni da Turanci, "Ke ce mahaifiyarsa?"

Abin da ya fara zuwa raina shi ne Kano. Na san ubansa ya tura wa dangi hanyar kallon, na hango surukata da 'yan'uwan mijina sun zagaye waya ɗaya, ga ni tsaye a gaban duniya ina bugun ƙirji da ɗan fari. Sai bakina ya faɗi abin da na sha jin mahaifiyata tana faɗa a kaina in baƙi sun tambaya, tana murmushi, kowa yana gane nufinta.

"A'a," na ce. "Ƙanena ne."

A gida in mace ta faɗi haka dariya ake yi, wata ta ce ji mai kunya, an san ta amsa. Saurayin nan bai yi dariya ba. Ya ce madalla da babbar yaya, ya ce in gaishe da iyayenmu, ya wuce. Baturiyar ta dafe ƙirji tana ba ni haƙuri, wai duk watannin nan ta yi zaton ni ce uwar, ashe shi ya sa ba ni da rawar kai. Da na juya, yaron nan yana tsaye a bayana, hula a hammata, kofin a hannu, lemo na ɗiga daga gashinsa. Ya riga ya miƙo mini kofin rabin hanya. Ya mayar da shi gefensa, ya ce injiniya na kiran sa, ya tafi.

Magana zarar bunu ce. A hanyar dawowa na yi ta juya yadda zan gyara, amma da wane Turancin zan bayyana wa matar nan cewa na ce ba ni na haife shi ba ne saboda ni na haife shi? Shi kuwa ya jingina da taga ya rufe ido. Washegari surukata ta bugo waya tana sa mini albarka, ta ce duk zaman Amurka bai cire mini tarbiyya ba. Na amsa da amin, ina jin kamar an yaba wa ɓarawo iya tsallake katanga.

Maƙwabciyata 'yar zangon Kumasi ce, aikin kula da tsofaffi muke yi tare, kuma ba ta iya ɓoye magana ba. Ita ma ta kalla. Ta tare ni a wurin injin wanki ta ce, "Hajiya, wannan abu naku na Kano ya yi yawa. Yaro ya ci kofi, ke kin ce ba naki ba. To na wa ne? Ba ni shi, ina so."

Na hau ta da faɗa. Na ce kunya ado ce, na ce wanda bai san ta ba ba zai gane ba, na ce yaron da kansa ya san gidan da ya fito. Ta bar ni na gama, ta ce, "Ke da mamanki ta yi shiru, wa ya kira sunanki?"

Na buɗe baki zan amsa, amsar ta ƙi yi mini daɗi. Kakata ce ta kira shi. Ita ta goya ni, ita take yi mini kirari tun daga zaure. Goggonnina suna nan, innoni suna nan, ran da na ci jarrabawa su suka yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, mahaifiyata tana ɗaki tana tankaɗe kamar ba ta ji ba. Shirunta bai taɓa yi mini zafi ba domin gidan cike yake da bakuna. Ni kuwa na ɗauko shirun na hau jirgi da shi, bakunan duk na baro su a can. A hawa na biyar a Parkchester, in na yi shiru babu mai karɓa. Na kwashe wankina ban gama busarwa ba, na hau sama.

Na so in yi masa magana. Na same shi a gaban sitiyarin robarsa, na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Kai, maganar ran nan."

Bai cire ido daga kwamfutar ba. Ya ce, "It's okay, Umma."

Na ji sauƙi da ya tare ni, kuma na ji kunyar sauƙin da na ji. Daga nan har ƙarshen kaka, kowa a ƙungiyar "sista" yake kira na. Makanikai su ce sista ga kujera, mai ƙungiyar ya ce sista a gaida Mama. Yaron nan yana ji, bai taɓa gyara musu ba, kuma a gabansu ya daina ce mini Umma, ya koma ba ya kira na da komai. Kafin ya sauke gilashin hularsa ma ya daina waigowa. Na fi kowa sanin wannan, domin yanzu ni nake ɗaga kai ina jira.

Tseren ƙarshe ya zo ganye ya yi ja, sanyi ya fara shiga ƙashi. An ce akwai masu manyan ƙungiyoyi da suka zo duba yara, don haka kowa ya fito da ƙarfinsa. Na yi niyya tun daga gida cewa yau zan je gefen motar kamar sauran mata, ko hannu ne in ɗora a kan hular. Na taka har bakin rumfar da ake ajiye motar. Makanike ya ce sista matsa kaɗan za mu tura mota, na matsa, aka tura ta, na koma bayan tayoyina.

Suna tsakiyar tsere yana kokawar wuce wani yaro a kwana, tayarsa ta hau ta wancan. Daga inda nake na ga motar ta ɗaga hanci, ta juya, ta tafi da baya ta daki katangar tayoyi. Ƙura ta tashi, aka fito da jajayen tutoci, duk filin ya yi tsit. Ban san na yar da carbina ba sai daga baya. Can na hango shi ya fito da ƙafarsa, ana riƙe da shi, aka sa shi a motar asibiti aka nufi ɗan ɗakin likita da ke ƙarshen filin. Na tattare zanina na bi su da gudu, ni da rabona da gudu tun ina budurwa.

A ƙofar akwai wani ƙaton mai gadi. Ya tare ni da hannu ya ce yaro ne ƙarami, uwa ko uba kawai ake bari su shiga. Kafin in sami numfashi Baturiyar ta iso tana haki, ta dafa kafaɗata, da zuciya ɗaya take son taimako. Ta ce masa, "Yayarsa ce. Bari mu kira iyayen." Ta juyo gare ni da wayarta a hannu. "Ba ni lambar mamanku."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Mutane sun fara taruwa, makanikan ƙungiyar suna bayana, duk waɗanda suka yi wata da watanni suna ce mini sista. Na dubi mai gadin na ce, "Ni ce uwarsa."

Baturiyar ta ce, "Amma kin ce..."

"Na ce. Ni na haife shi."

Hannunta ya sauka daga kafaɗata. Irin kallon da ta yi mini, na san abin da take tambayar kanta: wace irin mace ce za ta tsaya a gaban kyamara ta yi musun ɗanta ranar da ya ci kofi. Mai gadin ya leƙa ciki, ya dawo, ya matsa mini.

Yana zaune a bakin gado, an zuge masa rigar tseren zuwa ƙugu, an sa masa abin tallafe wuya, hannunsa ɗaya a kan ƙanƙara. Wata nas tana haska masa ido da 'yar fitila. Ta ce da alama ba karaya, amma za a kai shi babban asibiti a duba kansa, kuma sai da yardar uwa. Ta dube ni, ta dube shi, ta ce masa, "Wannan ce mamanka?"

Ni ya kalla, yana jira.

Na ce, "Ni ce."

Nas ɗin ta ce to, ƙa'ida ce, in faɗa mata cikakken sunansa da ranar haihuwarsa. Ranar haihuwar ta fito mini tiryan-tiryan, har da cewa Talata ce, abin da ba ta tambaya ba. Na zo kan sunan. Na san shi fiye da nawa, kullum yana cikin addu'ata inda ba mai ji sai Allah. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Na lalubi jakata in ɗauko katinsa, ashe na baro ta a bayan tayoyi. Nas ɗin tana jira, ni ina kallon sumunti, ina cewa a raina yanzu, yanzu zan faɗa.

Shi ya faɗa mata. Ya faɗi sunan sarai, ya jero mata haruffansa. Sannan ya yi mata bayani da Turancinsa mai laushi, irin muryar da nake amfani da ita in ina bayyana wa sabuwar ma'aikaciya halin tsohuwar da muke kula da ita. Ya ce a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, girmamawa ce, ba wai ba ta damu ba ne, kuma sunan kakansa ne, abin ya ƙara nauyi. Ya ce ita ma haka aka yi mata. Bai bar komai ba, kuma duk daidai ya faɗa.

Duk watannin nan ina lallashin kaina da cewa yaron Amurka ne, bai gane ba, wata rana zai girma ya gane ya huce. Ashe ya gane tun tuni, ya fi maƙwabciyata ganewa, ya fi ni iya faɗa. Yana sane ya miƙo mini kofin nan.

Nas ɗin ta ce abin sha'awa, ta fita kiran masu motar asibiti. Muka rage mu biyu. Na matsa na gyara masa ƙanƙarar da ta zame daga hannunsa, na ce, "Kai, da zafi?"

Ya ce, "Kaɗan." Wuyan bai bar shi ya juyo ba, sai ya yi maganar yana kallon bango. "Na ba ki lokaci, Umma. Na ga kamar za ki faɗa."